Yara sun tsince leda, an ce mu cinna mata wuta: me muke koya musu ke nan?

Malama_Kimiyya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Argungu, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

Mun zo kan darasin gurɓatar muhalli da 'yan aji biyu. Na yi musu bayanin leda da roba, cewa daga ɗanyen mai da iskar gas ake yin su, kuma ba sa ruɓewa kamar ganye ko ɓawon ayaba. Hoton da na samu na nuna musu a waya na wani kunkurun teku ne da leda ta naɗe wa wuya. Suka kalla, suka ce "Allah sarki", shi ke nan. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu. Da aka fita tara ina tsaye bakin taga, yarinyar da ta fi kowa amsa tambaya a ajin ta sayi fiya wata, ta huda da haƙori, ta shanye, ta saki ledar a ƙasa ko waiwaye ba ta yi ba. Ba taurin kai ba ne. Hannunta ne ya saba.

Na biyun ya fi ci mini rai. Ranar Alhamis muka yi gangamin tsintar leda, yara suka cika buhu bakwai. Aka ce a kai bayan azuzuwa a ƙona. Hayaƙi baƙi ƙirin ya biyo taga ya cika ajin, yara na ta tari, wata mai asma sai da aka fitar da ita. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ba ke kika ce hayaƙin roba guba ne ba?" Wallahi na rasa abin da zan ce masa.

To malamai da iyaye, ta yaya ake koyar da wannan abu ya shiga jikin yaro, ba littafinsa kaɗai ba? Kuma in an tsinta, ina za a kai?

Bakabe77:
Wa alaikumus salam. Malama Allah ya saka da alheri. Yaron nan da ya yi tambaya, shi ne ribar darasinki. Kada ki karaya.

Mahaucin_Jega:
Malama ki ajiye kunkuru, ki nuna musu akuya. Ni fawa na gada, kuma abin da nake gani a mayanka ya ishe ki darasin wata guda. Ana kawo akuya ko tunkiya cikinta ya yi tulu kamar mai ɗauke da biyu, amma ƙashin bayanta a waje, gashi ya tashi. Kana farke tumbi sai ka ga dunƙule ya murɗe kamar igiyar guga: baƙar leda, ledar fiya wata, zaren buhu, tsumma, duk sun cure wuri guda, ga wari. Wani sai ka sa hannu biyu kafin ka ɗaga. A babbar sallar da ta wuce na feɗe wa wani bawan Allah rago, kuɗi masu yawa ya sa, da ya ga abin da ya fito ya yi shiru ya fi minti biyar. Ki je wurin mahautan garinku ki ce su ajiye miki guda, a wanke a shanya. Gani ya kori ji.

Likitan_Dabbobi_BK:
Abin da Mahaucin_Jega ya faɗa haka yake, bari in ƙara bayani don Malama ta samu na faɗa wa yara. Akuya da tunkiya da saniya cikinsu kashi huɗu ne, kuma tumbi shi ne babba, a nan ciyawa ke jiƙa kafin dabba ta dawo da ita ta yi tuƙa. Leda ba ta narkewa a nan, kuma ba ta samun hanyar wucewa. Sai ta yi ta taruwa tana cinye wurin abinci. Dabba na jin cikinta a cike, ga yunwa na cinta. Nono ya ragu, ta rame, wata ta yi ɓari, wata ta kumbura ta mutu. Ba allurar da ke narkar da leda. In ta yi yawa sai dai a tsaga gefen ciki a ciro, kuma sau da yawa kuɗin aikin ya kusa kuɗin akuyar, sai mai ita ya zaɓi wuƙa.

Me ya sa suke ci? Ƙanshin mai da gishiri da ke jikin ledar ƙosai ko awara, da kuma rani in ciyawa ta ƙare aka sake su suna kiwo a bola. Ƙasar Muritaniya ta hana leda a 2013, kuma mutuwar shanu da tumaki na cikin dalilan da hukumominsu suka bayar.

Hedimasta_Mai_Ritaya:
'Yata Malama_Kimiyya, sannu da ƙoƙari. Shekara 35 na yi ina riƙe alli, kuma akwai kuskuren da muka yi wanda sai bayan na ajiye aiki na gane shi. Wa ke tsintar shara a makarantunmu? Wanda ya makara. Wanda ya yi surutu. Wanda bai yi aikin gida ba. A tsayar da su bakin ƙofa da bulala a ce kowa ya tsinto leda hamsin kafin ya shiga aji. Shekara da shekaru muna koya wa yaro cewa durƙusawa a ɗauki shara aikin mai laifi ne. To don me zai yi shi ranar da bai yi laifi ba? Yaron kirki mai zuwa da wuri ma zai ga ai shi ya fi ƙarfin wannan.

In kina son canji, fara cire tsintar leda daga cikin horo. Ki sa shugabannin ɗalibai da masu ɗaukar na ɗaya su jagoranta, ke ma ki durƙusa a gabansu, shugaban makaranta ma ya durƙusa. Da muna yara duba-gari ke shiga gida-gida yana leƙa randa da makwarara, ana jin tsoronsa. Tsoron ya tafi da shi. Abin da ya rage mana shi ne yaro ya ga babba na yi.

Uwar_Biyu:
Baba Hedimasta wallahi ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ɗana ya taɓa ce mini "ni ba na latti, ba ni tsintar bola". Da alfahari ya faɗa.

Mai_Fiya_Wata:
Jama'a a yi mana adalci. Duk inda aka tada maganar leda sai a nuno mu da yatsa. Kun manta yadda ake kafin fiya wata? Ruwan ƙulli ne da ake hura leda da baki a zuba, ko bokiti da moɗa ɗaya duk tasha ta sha. Nawa amai da gudawa ya kwashe? Mu aƙalla akwai lambar NAFDAC a jikin kayanmu, akwai mai zuwa dubawa. A watan Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi na wuce digiri 40, makarantar da ba famfo ba rijiya, me yaro zai sha? Ma'aikata tara nake biya. A kawo ruwa makarantu tukuna kafin a ce yaro ya daina sayen na leda.

Malama_Kimiyya:
Alhaji Mai_Fiya_Wata ban ce a hana ba, ni ma shi nake sha a makaranta. Tambayata ledar ce bayan an shanye. Ku masu kamfani kuna karɓar ta in an tara muku?

Mai_Fiya_Wata:
Gaskiya ba ma karɓa. Ɓarnar da inji ya yi a cikin kamfani, wadda ba ta taɓa ƙasa ba, ita muke tarawa masu saye su ɗauka. Wadda ta sha ƙasa da rana ba mu da abin yi da ita.

Malam_Lissafi:
Bari in shigo da nawa fannin. Ledar fiya wata rabin lita ce, jaka ɗaya guda 20, wato lita 10. Jarka mai lita 25 daidai take da leda 50. Na ba 'yan ajina wannan a matsayin aikin lissafi: in kowane yaro a aji mai mutum 60 ya sha ɗaya a rana, leda nawa ke nan a kwana biyar? A zango mai mako 12 fa? Da suka fitar da 3,600 su da kansu suka yi ta salati, wani ya ce a sake lissafin ko an yi kuskure. Daga nan muka yi karo-karo muka sayi bokiti mai famfo irin wanda aka yi yayi lokacin korona, kowa ya zo da gorarsa daga gida. Ba kullum ake samun ruwan cikawa ba, wannan gaskiya ne, amma ranar da aka samu filin gaban ajinmu fes yake.

Dan_Sarkawa:
Malama tunda ƙasar Argungu kike, mi ya kai ki teku? Ga gulbi nan bakin ƙofarki. Kawo ɗiyan nan su ga abin da homa ka kwasowa yanzu. Shekaranjiya da munka jawo birgi, tarwaɗa ukku munka samu, sauran duk leda da robar lemu da takalmin roba guda. Sai ka zauna kana ɓanɓare leda daga idon taru kamar mai tsintar shinkafa. Lokacin da iyayenmu sunka koya muna su, ciyawa da icce kaɗai ka kama taru. Kuma duk ledar da anka yar cikin gari, ruwan farko na damina nan shika kawo muna ita.

Matan Fada da duniya ka zuwa kallo, ruwa guda ne da wanga da muke zuba ma shara. Ɗiyan Kabi in ba su san komi ba sun san giwan ruwa. Ki fara musu daga nan.

Dalibin_Aliero:
Baba Dan_Sarkawa ya yi gaskiya. Bikin kamun kifin Argungu da ake yi a Matan Fada ya faro tun 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali a 2016. Ruwan nan kuma ba a Argungu yake tsayawa ba, yana bi ta fadamar Birnin Kebbi ya gangara ya faɗa Kogin Kwara, ya wuce Yauri, ya bi har teku. Malama za ki iya zana wannan a allo: ledar da aka yar a tashar Argungu tana da hanyar da za ta kai wurin kunkurun nan na hotonki. Sai ki fara da akuya, ki bi da gulbi, ki ƙare da teku.

Ga gwaji biyu da ba sa cin kuɗi. Na farko a haƙa rami huɗu, a binne ɓawon ayaba, takarda, ganye da leda, a riƙa zuba ruwa, a tono bayan mako huɗu ko shida. Na biyu a yanka gorar ruwa ƙanana a zuba a bokitin ruwa tare da murfinta da guntun leda. Yankan gorar zai nutse, murfi da leda su taso. A nan yara za su gane roba iri-iri ce. A duba gindin gora akwai alama mai kusurwa uku da lamba a ciki: 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo, 2 irin ta jarka, 4 irin ta leda, 5 irin ta bokiti da yawancin murafe.

Abu ɗaya da ya kamata a gyara a bakin mutane: leda in ta daɗe a rana ta dagargaje ba ruɓewa ta yi ba. Farfashewa ta yi ta koma ɓurɓushi, ta shiga ƙasa da ruwa, kifi ya haɗiya. A duniya ana yin roba sama da tan miliyan 400 a shekara, kuma wadda ake sake sarrafawa ba ta wuce kashi 9 cikin 100 na sharar ba.

Baban_Khalifa:
Duk wannan dogon turanci ne. A hana leda kawai kowa ya huta. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya 2017, Legas ma ta hana farar robar zuba abincin nan tun Janairun 2024. Ambaliyar 2020 da ta cinye mana shinkafa ba leda ce ta toshe ko'ina ba?

Manomin_Fadama:
A'a ɗan'uwa, a nan kam ka haɗa abu biyu. Ni ambaliyar 2020 ta ci, gonata na ƙarƙashin ruwa har sai da kwalekwale ya bi ta kanta. Wannan gulbi ne ya cika ya tumbatsa saboda yawan ruwan sama daga sama har ƙasa, ko babu leda ɗaya a duniya sai ya shiga fadama. Wanda leda ke jawowa shi ne na cikin gari, in an yi ruwan awa ɗaya kwalbati ya toshe, ruwa ya bar lambatu ya shiga zaure ya kwantar da katangar ƙasa. Kada mu faɗa wa yara abin da ba haka ba, ranar da suka gane sai su daina yarda da sauran.

Ni nawa kukan daban ne. Da mukan sayi takin juji a kai gona da amalanke, ƙasa ta yi baƙi ta yi kyau. Yanzu rabin amalanken leda ne. Garma na kamawa, saiwa na naɗewa, in iska ta taso gonar kamar an yi shanya. Sai kuma robobin maganin feshi. Da idona na ga yaro na shan ruwa da robar maganin ciyawa a gona. Ƙa'idarta a ɗauraye sau uku a juye ruwan cikin injin feshi, sannan a huda ta yadda ba mai sake amfani da ita. Yaran da ke ajin Malama su ne ke bin mu gona ranar Asabar. In wannan kaɗai suka koya sun tsira da wani abu.

Dan_Kamba:
Baban_Khalifa, mu da ke bakin iyaka mun ga doka. Nijar ta yi dokar hana leda a 2014, Benin ta yi a 2017. Shiga kasuwar Gaya ka sayi tumatir ka ga a me za a zuba maka. Doka ba ta aiki in ba a ba mai tumatir abin da zai maye gurbi ba.

Baban_Khalifa:
Na karɓi gyara a kan 2020. Amma maganar kwalbati tana nan. Bangaladash ma abin da ya sa suka hana a 2002 ke nan, leda ta toshe musu magudanai.

Ma'aikaciyar_Lafiya:
Tunda an zo kan kwalbati: binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya, yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar. Ba na cewa leda ce ta jawo, fadama da shinkafa da gulbi suna nan. Amma duk ruwan da ya kwanta a ƙofar gida don hanyarsa ta toshe, ƙari ne a kan abin da ya riga ya yi mana yawa.

Kuma don Allah a daina ƙonawa kusa da aji. Yarinyar nan mai asma da Malama ta ambata, irinsu muke karɓa suna numfashi da ƙyar. Wutar bola ba ta da zafin da za ta cinye roba gaba ɗaya, shi ya sa take baƙin hayaƙi, kuma in akwai irin robar bututun ruwa ko bayan wayar lantarki a ciki, gubar da ke fita ta fi muni.

Hajiya_Mai_Tuwo:
Ni fa a yi mini bayani. Tuwo a leda laifi ne? Mu masu sayarwa in ba mu ƙulla a leda ba sai ya bushe ya yi ɓawo, mai saye ya ce na jiya ne. A biki kuwa malmala ɗari uku za ki yi, ina kwanon da zai ɗauka?

Uwar_Biyu:
Hajiya kakata a ƙwarya take kwashe tuwo ta rufe da faifai, alala a ganye ko gwangwani, daddawa a ganyen kalgo, goro a ganyen fita. Ba a daɗe ba fa, ni na gani da idona. Yau koko mai tururi a leda ake ƙulla wa yaro ya tafi makaranta yana tsotsa. Abin da ya fi damuna shi ne hura wuta da leda. In itace ya jiƙe da damina, sai a cinna leda tana ɗiga a kan icen, mace ta sunkuya tana hurawa da baki, goyo a bayanta. Ni ma na yi, sai da ƙanwata ta yi mini magana na daina. Yanzu ƙirare da busasshen kara nake ɓoyewa a ɗaki tun kafin ruwa ya sauka.

Dalibin_Aliero:
Hajiya_Mai_Tuwo ba maganar laifi ba ce, ranki ya daɗe. Zafi da mai suna sa sinadaran jikin roba su fi saurin shiga abinci, kuma baƙar leda musamman ba don abinci aka yi ta ba, galibi daga tsohuwar roba aka narka. In ba makawa, a bar tuwon ya sha iska kaɗan, kuma a guji baƙar. Kula mai murfi tana riƙe laushi ita ma.

Hajiya_Mai_Tuwo:
To na ji. Na gida zan gwada da kula. Na sayarwa kam sai na ga yadda masu saye suka karɓa.

Malamin_Islamiyya:
Allah ya saka wa kowa. Malama, ki haɗa kai da malamin addini na makarantarku, domin yaran nan da yamma wurinmu suke zuwa. Hadisi ya inganta cewa imani rassa ne saba'in da wani abu, mafi ƙanƙantarsu kawar da abin cutarwa daga hanya. A wata ruwayar an kira shi sadaka. Yaranmu sun haddace, amma a ransu ƙaya ce da dutse. Ba wanda ya ce musu ledar da za ta kashe akuyar maƙwabci tana ciki. Ni na fara da abu ɗaya: ranar saukar karatu da walima ba a tashi sai an tsince wurin, kuma manyan ɗalibai ke farawa, kamar yadda Baba Hedimasta ya ce. Masallatan Juma'a ma mu duba kanmu, a ga yadda harabar ke komawa bayan an watse.

Yar_Zuru:
Sannunku. Ni a firamare nake koyarwa a Zuru, kuma ina da yara a makarantar Lahadi. Abin da Malam ya faɗa haka yake a wajenmu, in yaro ya ji magana ɗaya a aji ya sake jinta a wurin ibada tana zama. Mun gwada wanke ledar fiya wata muna ɗinka jakar littafi da ita, yara sun ji daɗi, iyaye sun yaba. Amma in faɗi gaskiya, jaka goma muka yi a zango guda, ledar da ta shiga ciki ba ta kai ta kwana biyu ba. Darasi ne mai kyau, ba maganin tarin ba ne. Yanzu muna cusa busasshiyar leda a cikin gora da sanda har ta yi tauri, muna jerawa da laka mu kewaye bishiyoyin da muka dasa. Wannan ya fi cin leda sosai. Na ji ma an taɓa gina gida sukutum da gorar roba a Yelwa.

Dan_Yauri:
Anti wace Yelwa? Ni a Yelwan Yauri aka haife ni ban taɓa ganin gidan gora ba.

Dalibin_Aliero:
Ba taku ba ce Yaya, wata Yelwa ce kusa da Kaduna, a 2011 aka yi. Kuma yashi aka ɗura a gorunan, ba leda ba, aka jera da laka aka ɗaure da igiya.

Dan_Yauri:
Yauwa, yanzu na ji batu. Mu nan abin da ke damunmu ranar kasuwa ne a bakin ruwa, duk abin da aka ci a jirgi cikin kogi ake jefa ledarsa.

Mai_Sikeli:
Ni sana'ata ke nan, jari bola, ina da sikeli da yara masu kawo mini kaya. Bari in faɗa wa Malama abin da ke da kasuwa. Fasasshen bokiti, kujerar roba, jarka, baho, silifas, waɗannan ko yau kika kawo zan auna in biya. Gorar ruwa ana saye, amma sai an taka ta ta lotse, don mota iska za ta ɗauka in ba haka ba. Ledar fiya wata akwai masu narkawa a Kano, sai dai ba ta da nauyi, ki cika buhu ki ɗora a sikeli ki ji kunya. Kuɗin mota daga nan ya cinye ribar. Sai ta yi yawa sosai, a bushe, ba ƙasa, ba a haɗa ta da baƙar leda ba. Baƙar leda da ledar biskit mai ƙyalli kam ban san mai saye ba.

In makarantu biyar ko shida za su tara wuri ɗaya a zango, ana iya magana.

Abban_Nana:
Ku dakata. Ni na tura 'yata makaranta ta yi karatu, ba ta zama 'yar bola ba. Yau a ce tsinta don tsafta, gobe a ce kowa ya kawo gora ashirin daga gida ko a doke shi, jibi yara na yawo a juji suna taka allura da kwalba. Kuɗin kuma aljihun wa zai shiga? Mun ga irin wannan.

Hedimasta_Mai_Ritaya:
Abban_Nana tsoronka a wurinsa yake. Sharaɗi uku: abin da aka sha a cikin makaranta kaɗai za a tara, ba a aika yaro juji, a jefa a buhu tun daga hannu, ba sai ta faɗi ƙasa ba, kuɗi kuma ya bi ta kwamitin iyaye, a rubuta a allo kowa ya gani, a sayi alli ko sabulu. In aka sa buhu biyu a bakin kowane aji, na gora da na leda, tsintar ma ba za ta taso ba.

Mai_Sikeli:
Kuma Alhaji, ɗan bola ba zagi ba ne. Da wannan sana'ar na aurar da ƙannena biyu.

Abban_Nana:
Ka yi haƙuri Malam, ban faɗa don raini ba. Lafiyar yarinya nake ji.

Ma'aikaciyar_Lafiya:
Ƙari kan maganar gora: masu zoɓo da kunun aya su san inda gorunansu suka fito. Wasu daga bola ake tsinto su, har da ta kusa da wuraren jinya. A saya daga gidan da aka sani, a wanke da sabulu da ruwa mai kyau.

Bakabe77:
Duk muna ta maganar 'yan makarantar boko. Almajirai fa? 'Yan talla fa, da su ne ledar ke hannunsu daga safe har dare? Wa zai koya musu?

Malamin_Islamiyya:
Tambaya mai nauyi. Alarammomi suna jin magana in an je musu da girmamawa, ba da takarda ba. Kuma almajiri da robarsa yake yawo, ita yake wankewa kullum ya sake amfani da ita. Mu masu ba shi abinci ne muka koma ƙulla masa a leda.

Malama_Kimiyya:
Jama'a na dawo, kwana goma ke nan. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Na bi shawarar Mahaucin_Jega. Wani dattijo a mahautar garinmu ya ajiye mini guda daga cikin wata tunkiya, ya wanke ya shanya. Na kawo a kwali na ajiye a tebur ban ce komai ba, na ce su zo layi-layi su duba su faɗa mini mene ne. Wasu suka ce tsumma, wasu suka ce gidan tsuntsu. Wata ta sa tsinke ta ja, sai ga rubutun kamfanin fiya wata ya fito a jiki, ana iya karantawa. Da na faɗa musu daga ina aka ciro, ajin ya yi tsit. Can wani yaro da ba ya cika magana ya ce tunkiyarsa da kakarsa ta ba shi haka ta yi bara, ciki ya kumbura tana ramewa, aka ce sammu ne. Ya tambaye ni ko leda ce. Na ce masa ba zan iya rantsewa ba tunda ba a duba ba, amma alamun sun yi kama. Bai sake magana ba har aka tashi. Washegari shi ya zo da buhu biyu daga gida.

Mun binne abubuwa huɗun nan a bayan aji, yara na rige-rigen ban ruwa. Maganar cire tsinta daga horo na kai wa shugaban makaranta, ya ce zai duba, amma malamin horo bai gamsu ba, ya ce to da me zai hori masu latti. Yarinyar nan ta bakin taga kuwa, jiya na ga ta shanye ta riƙe ledar a hannu tana waige-waige, buhun ya yi mata nisa, ta cusa a aljihun jaka.

Amma tambayata ta biyu tana nan. An yarda ba za a ƙona ba zuwa ƙarshen zango, an ba mu wani tsohon sito. Buhu huɗu sun riga sun cika. Gora na san inda zan kai. Baƙar leda da ta biskit fa?

Yar_Zuru:
Su muke cusawa a gora, Malama. A bushe kawai, in da danshi sai ta yi wari.

Likitan_Dabbobi_BK:
Abin da ya rage bayan wannan, in babu motar shara mai zuwa, rami mai zurfi nesa da rijiya a rufe da ƙasa ya fi wuta, kuma ya fi barinta inda dabba za ta kai baki. Ba na jin daɗin faɗar haka, don Manomin_Fadama zai ce ƙasar ce dai ta ci.

Manomin_Fadama:
Zan ce kam, likita. Amma rami ɗaya da aka san inda yake ya fi mini gona goma.

Dan_Sarkawa:
Malama in za ki kawo ɗiyan bakin gulbi, ki bari sai Asabar da hantsi, lokacin munka dawo daga su muna gyaran taru. Kada su wuce ashirin a tafiya guda, kuma a zo da malami namiji ya tsare bakin ruwa.

Mai_Sikeli:
Malama kada a haɗa ta fiya wata da sauran a buhu ɗaya, in an haɗa ba mai rabawa. Akwai direban da ke ɗaukar mini kaya zuwa Kano ƙarshen wata, zan tambaye shi buhu nawa zai yarda ya ɗora a saman lodi. Malam_Lissafi, makarantarku na da nisa da Argungu?